Ɗana yana fara awo daga lamba 1 a kan rula, na gyara ya ƙi gyaruwa

Tambaya

Assalamu alaikum Malama, ya aiki? Ni tela ce, ina ɗinkin mata a gida a nan Agege. Ɗana Abba shekararsa shida, yana aji ɗaya a firamare. Makon jiya an ba su aikin gida su auna fensir da cokali da rula, su rubuta santimita nawa suka samu. Fensirin da ni na auna na ga 12, shi 13 ya rubuta. Da na sa ido sai na ga a kan lamba 1 yake ɗora gindin fensirin. Na gyara masa ya fi sau uku, gari na wayewa ya koma gidan jiya. Da na matsa masa sai ya ce, "Umma, ai daga ɗaya ake fara ƙirga." Babansa ya ce wasa ne ya yi masa yawa. Abin da ke ɗaure mini kai, yaron nan yana ƙirga har ɗari ba gargada. Ga ƙanwarsa Ummi kuma, 'yar shekara huɗu. Duk ranar da na sayo rake na raba musu daidai, sai ta ɗaga nata sama ta ce ya fi na yayanta tsawo, shi kuma ya hau kuka wai an cuce shi. Ƙwaƙwalwa ce, ko koyarwar ce ba ta shiga? Ta ina zan ɓullo musu?

Maman Abba, Agege, Legas

Amsa

Wa alaikumus salam Maman Abba. Aiki da godiya.

Ki fara ba Baban Abba haƙuri a madadina, ki ce ya sassauta wa yaron nan. Yaron da wasa ya ɗauke wa hankali yau zai rubuta 13, gobe 9, jibi ya bar wurin fili. Abba kuwa kuskure ɗaya yake maimaitawa, kuma da kika tambaye shi ya kawo miki hujja. Tun da ya fara magana, duk abin da aka ce ya ƙirga daga ɗaya ake farawa: yatsu, lemo, 'yan ajinsu. Ba wanda ya taɓa nuna masa lemon farko a faranti ya ce "sifili". Dokar da ya sani ce ya ɗauko ya kawo kan rula, kuma a nan ba ta aiki. Shi ya sa gyaran baki bai kama shi ba. Kina ce masa ya matsar da fensir, shi kuma a ransa yana ganin Umma ce ta manta yadda ake ƙirga.

Abin da bai gane ba tukuna shi ne, a kan rula ba layuka ake ƙirgawa ba, tazarar da ke tsakaninsu ake ƙirgawa. Lamba 1 cewa take yi, "daga farko zuwa nan an cinye santimita ɗaya." Ki gwada masa haka yau da yamma. Ki tsayar da shi a bakin ƙofa, ki ce, "Taku nawa ka yi?" Zai ce bai yi ko ɗaya ba, ai a tsaye yake. Ki ce to, wannan tsayuwar ita ce sifili. Ya ɗaga ƙafa ya sauke, sannan ku ce ɗaya. Haka shekarunsa ma: ranar sunansa ba a ce shekararsa ɗaya ba, sai da ya cinye wata goma sha biyu.

Akwai ɗan gwajin da nake so ki yi masa kafin komai, don ki san inda ya tsaya. Ki sami guntun fensir ko tsinke mai santimita 7. Ki kwantar da shi a kan rula, gindinsa a kan 3, bakinsa a kan 10, ki tambaye shi tsawonsa. Idan ya ce 10, lambar da ke ƙarshe kawai yake karantowa, bai damu da inda aka faro ba. Idan ya sa yatsa ya ƙirga ya ce 8, layuka yake ƙirgawa, har da na farkon. Idan ya ce 7, ya kama zaren. Kada ki yi mamaki in ya ce 10. Na sha yin wannan gwajin a aji huɗu da aji biyar, in ga yaran da ke cin makin awo a jarrabawa sun faɗa ramin, saboda duk rayuwarsu an riga an jera musu abin a kan sifili, aikinsu kawai su kalli ƙarshe su kwafi lamba.

To, rigimar rake. Ita ce ma ta fi ba ni sha'awa a wasiƙarki, don a nan tushen yake. Jean Piaget, masanin tunanin yara ɗan ƙasar Suwizalan da ya rasu a 1980, ya yi ta yin irin wannan gwaji da yara. Zai jera sanduna biyu kai ɗaya, yaro ya amince daidai suke. A gaban idon yaron sai ya ɗan tura ɗaya gaba. Yawancin waɗanda ba su kai shekara shida ko bakwai ba sai su ce wanda aka tura ya fi tsawo, saboda idonsu yana kan bakin da ya zarce, ba sa waiwayar gindin da ya rage a baya. Ummi da ke ɗaga rakenta sama ba ƙarya take yi ba, haka take gani. Abba da ke kuka shi ma ya yarda da ita, wanda ke nuna miki cewa har yanzu bai gama sakankancewa tsawon abu ba ya canzawa don an matsar da shi. Ga shi kuwa an miƙa masa rula.

Daga baya an gano Piaget ya ɗan rage wa yara daraja. A 1974 Margaret Donaldson da James McGarrigle a Sikotilan suka sake gwajin, amma maimakon babba ya matsar da kayan, sai suka sa wata 'yar tsana "marar ji" ta zo ta hargitsa su kamar cikin ɓarna. Yara da yawa 'yan shekara huɗu zuwa shida suka amsa daidai. Wato idan babba ya taɓa abu da gangan ya sake yin tambaya, yaro yakan ɗauka ana so ya canza amsa ne. Ki riƙe wannan. Tambaya cikin wasa ta fi fito da abin da ke kan yaro a kan tambaya da fuskar jarrabawa.

Don haka shawarata, ki ajiye rular nan gefe na mako biyu ko uku, ban da lokacin aikin gida. Da rarrafe yaro kan tashi.

Ki fara da raken. Kafin kowa ya kai baki, a tsayar da su biyun a kan tabarma ko a jingina gindinsu da bango, a duba sama. Ki ce musu kamar sahun salla ne, sai an daidaita dugadugai sannan ake sanin wa ya fi wani tsayi. Abba ya san wannan daga masallaci. Sannan ki bar Ummi ta ɗaga nata, ki yi kamar kin ruɗe: "Kai, ya ƙaru! Ya aka yi?" A sake saukewa a duba. Za ki yi wannan sau da yawa kafin ya zauna, kuma ranar da Abba ya ce "Ba wani nan, ɗagawa kawai ta yi," kin ci rabin yaƙin.

Ki kuma lura da bakinki. Mu iyaye mun saba da "babba" da "ƙarami" a kan komai, alhali Hausa ba ta rasa kalmomi ba: dogo, gajere, mai faɗi, siriri, mai kauri, mai zurfi. Ludayi ya fi cokali tsawo. Tsintsiya ba ta kai sandar goge-goge ba. Wannan zanen da wancan kai ɗaya suke. Idan Ummi ta ce "nawa ya fi girma," ki ce, "Ta ina? Ta tsawo ko ta kauri?" Guntun rake mai kauri da siriri dogo za su ba ku hira ta minti biyar. Kada ki ji tsoron cewa makaranta da Turanci ake yi, gida da Hausa, titi da Yarbanci da burokin. Yaron da ya san abin a harshen uwarsa, sunan kawai zai sauya a aji. Wani abin sha'awa ma, Hausa da Yarbanci da burokin duk hanya ɗaya suke bi wajen kwatanci, wato su ce wannan ya wuce wancan a tsawo. Turanci ne ya fita daban, yake liƙa wa kalma jela, kamar yadda "long" ke komawa "longer". Idan Abba ya yi tuntuɓe a can, harshe ne, ba lissafi ba.

Daga biyu sai ki koma uku, huɗu, biyar. Maria Montessori, likitar nan 'yar Italiya da ta buɗe makarantarta ta farko a Rum a 1907, tana da jajayen sanduna goma, ƙaramin santimita 10, babban mita ɗaya, kowanne ya ɗara na ƙasa da shi da santimita 10. Yaro ya jera su kamar matakala. Makarantun kuɗi da ke ɗauke da sunanta a Legas suna saye da tsada. Ke kina da tsinken tsintsiya da almakashi, kina da ƙyallayen da suka rage a gindin keke. Ki yanka biyar, ki hargitsa, ki ce su jera. Ummi za ta iya ware mafi tsawo da mafi gajarta, na tsakiya su ba ta wahala, kuma daidai shekarunta ke nan. Abba in ya jera, ki ɓoye ɗaya tun farko, ki fito da shi daga baya ki ce ya nemo masa gurbi. A nan zai gane cewa tsinke ɗaya yana iya zama dogo a kan wannan, gajere a kan wancan.

Mataki na gaba shi ne wanda makarantu suka fi tsallakewa, kuma ni a ganina shi ne ƙofar awo. Ki kawo abubuwa biyu da ba za a iya haɗa su wuri ɗaya ba. "Abba, teburin keken nan zai wuce ta ƙofar ɗaki ba tare da an karkata shi ba?" Ba zai iya ɗaga tebur ba, ba zai iya cire ƙofa ba. Ki yi shiru ki bar shi da matsalar. Wataƙila ya buɗe hannuwansa a faɗin teburin ya taho ƙofa a haka, hannun yana motsi a hanya. Ki ce, "Anya hannun nan bai buɗe ba?" Sai ki ajiye zare ko igiya kusa da shi. Ranar da ya ɗauki zaren da kansa, ya kama faɗin tebur ya kai ƙofa, ya gano dalilin da ya sa ɗan Adam ya ƙirƙiro ma'auni: wani abu na uku da ke ɗauko tsawo daga nan ya kai can.

Sai a shiga lamba. A nemo abubuwa masu tsawo iri ɗaya, kamar murafen kwalba ko tsinken ashana da aka riga aka ƙyasta (kada a ba su mai kai, kuma in akwai mai rarrafe a gidan a kula da murafen). A jera su a gefen takalmin Baba. Ashana nawa ne? A nan ki zuba ido sosai, don kurakuran da zai yi su ne darasin. Zai bar giɓi tsakanin tsinke da tsinke. Zai ɗora wani a kan wani. Layin zai karkace kamar hanyar tururuwa. Zai cusa guntun tsinke a ƙarshe ya ƙirga shi cikakke. Kada ki gyara da baki. Ki auna naki a gefe, da giɓi manya-manya da gangan, ki ce, "Ni huɗu na samu, kai shida, takalmi ɗaya. Wa ya yi ha'inci?" Yara suna son kama babba da laifi, kuma dokar da ya kama ki da ita ba zai manta da ita ba. In ya ƙware, ki kwashe tsinkayen ki bar masa guda ɗaya tak. Dole ya sa, ya yi alama da yatsa, ya ɗaga, ya sake sawa daga alamar. Wannan shi ne awo tsantsa.

Kakanninmu haka suka yi, da jikinsu. Kamu, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Gaba, hannu biyu a buɗe. Buɗin tafin hannu, wanda wasu ke kira taƙi, wasu ɗani. Masu saƙa da masu sayar da igiya da masu haƙa rijiya da su suka yi ciniki, har yau za ki ji an ce rijiya gaba goma. Ki sa Abba ya auna tabarma da tafin ƙafarsa, dugadugi a bakin yatsa, sannan Babansa ya auna da tasa. Na taɓa yin haka da 'yan aji biyu, na auna faɗin ajin na samu ƙafa 24, wata 'yar ƙaramar yarinya ta samu 33. Ta dube ni da gaske ta ce, "Malama, ajin ya fi faɗi in ni na auna." Sai da muka shafe rabin darasi kafin wani yaro daga baya ya ce, "Ƙafarta ce ƙarama!" Wannan juyin, cewa ƙaramin ma'auni shi ke ba da babbar lamba, yana wahalar da yara har shekara bakwai, takwas. Ki ba shi lokaci.

Kuma daga nan ne tambayar da kike jira za ta fito: to na wa za a bi? Ki ce masa, in mai sayar da yadi a kasuwar Balogun dogo ne, yaronsa gajere, kowa ya auna da kamunsa, wurin wa za ka saya? Wannan gardamar ce ta sa Faransawa a shekarun 1790 suka tsayar da mita, suka ɗaure ta da girman duniya, kashi ɗaya cikin miliyan 10 na nisan da ke tsakanin ƙuryar arewa da layin da ya raba duniya biyu, don kada ta dogara da hannun kowane sarki. Nijeriya ta koma wannan tsarin a shekarun 1970, amma kin fi ni sanin cewa kasuwa ba ta bi ba. Atamfa yadi shida, bulo inci tara da inci shida, fili ƙafa kaza, har sunan unguwannin Mile 2 da Mile 12 awo ne na tsohon tsari.

Wannan ya kawo ni kan tarkon da ke cikin ɗakinki, wato tef ɗinki na ɗinki. Abba kullum yana ganin ki kina awo, kuma abin alheri ne, amma abu biyu za su iya ruɗa shi. Na farko, tef daga bakin ƙarfen nan yake farawa, ba a rubuta sifili ba, lambar farko da ido ke gani 1 ce. Yawancin rulolin makaranta kuwa suna da ɗan fili kafin layin sifili. In kika ce masa kawai "fara daga farko," zai bar lamba 1 ya koma bakin roba, kuskure ya sauya riga. Ki nuna masa layin sifilin da yatsa, ki ɗiga masa jan biro a wurin. Na biyu, tef fuska biyu gare shi, rula kuma gefe biyu. Ke da inci kike aiki, makaranta santimita take nema. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, don haka fensirin nan mai santimita 12 bai cika inci biyar ba. Yadi inci 36 ne, santimita 91.44, mita ta ɗara shi da kusan santimita takwas da rabi, shi ya sa turmin atamfa ke tashi kusan mita biyar da rabi. Ba na cewa ki koya masa wannan lissafin yanzu. Ki liƙe gefen inci da farar takarda har sai santimita ta zauna.

Kafin ki mayar masa da rular kanti, ku ƙera taku. Ki yanko dogon kwali daga kwalin taliya, ki yanka ƙananan ƙyallaye masu tsawo ɗaya, launi biyu, ja da fari. Ya liƙa su a jere, ja, fari, ja, fari, ba giɓi. Ya auna abubuwa da ita yana ƙirga ƙyallaye. Bayan kwana biyu ki ce kun gaji da ƙirgawa, a rubuta lamba. Ina za a rubuta 1? A inda ƙyallen farko ya ƙare. To a inda ya faro fa, me za a rubuta? Ki bar shi ya amsa. Sannan ki kwantar da rular makaranta a gefenta ya ga aiki ɗaya suke yi.

Abu ɗaya da nake roƙon iyaye su mayar al'ada: a yi hasashe kafin a auna. "Kana ganin ashana nawa ne?" Sannan a gwada. Faɗin ɗan yatsansa kusan santimita ɗaya ne, wannan ma'auni ne da ba zai manta da shi a gida ba. Yaron da ya saba da haka ba zai rubuta cewa cokali mita 15 ne ya wuce ba tare da ya yi dariya ba. In Abba mai son ƙwallo ne, Babansa ya nuna masa alƙalin wasa yana taka taku goma kafin bugun tazara. Yadi goma ne, mita 9.15. Kilomita kuwa a bar ta tukuna. Gadar Third Mainland kilomita 11.8 ce, amma ga ɗan shekara shida a cikin danfo, tsawonta ya danganta ne da cunkoson ranar.

Game da ƙwaƙwalwa, ba abin da kika faɗa da ya tayar mini da hankali. Abin da zai sa in ce a duba shi ne in yana kai rular dab da idonsa, ko yana runtse ido kafin ya ga ƙananan layukan, sai a gwada idonsa a asibiti. Ko kuma in ya kai shekara takwas, an yi duk wannan, har yanzu bai iya ware dogo da gajere a abubuwa biyu da aka daidaita gindinsu ba, sai ki zauna da malamarsa. Aikin gidan da ke hannu kuwa, ki taimaka masa ya ɗora a kan jan ɗigon ya rubuta 12, ba laifi. In kin sami dama ki gaya wa malamar abin da ya ce game da fara ƙirga daga ɗaya, don ina da tabbacin ba shi kaɗai ba ne a ajin.

Tsayinsu kuma, ki riƙa aunawa suna gani. Na san gidan haya ne a Legas, mai gida ba zai so a zane masa bango ba, don haka ki liƙa doguwar takarda a bayan ƙofa, gindinta ya taɓa ƙasa. A cire takalmi, dugadugi a jikin ƙofa, ki ɗora littafi a kwance a kan kai, ki ja layi ta ƙasansa, ki rubuta suna da kwanan wata. Ummi za ta yi ɗage, ki bar Abba ya kama ta. Bayan Babbar Salla a sake, shi kuma ya ɗauko rularsa ya auna tazarar da ke tsakanin layukan biyu.